Baƙon da Zai Duba Ɗakin Yara

Litinin, 6 ga Oktoba, huɗu da rabi na yamma

Baba Mlalazi, shugaban laburarenmu, ya kira ni ofishinsa ya miƙo mini takarda yana kallon fanka. In mutumin nan ya kalli fanka, to labarin ba mai daɗi ba ne. Takardar ta ce ranar Juma'a 24 ga wata wani mai suna Tshabangu zai zo daga ofishin gari ya duba ɗakin yara. In ya ga ana amfani da shi, a bar shi. In bai gani ba, a kwashe littattafan a kai sito, a zuba kujerun ɗakin taro a ciki. Shekara goma sha tara ina riƙe da ɗakin nan, yau da kujerun roba nake takara.

Na tambaye shi wa ya kawo wannan shawara. Ya ce daga sama ta zo. Na ce saman wa, tunda ginin namu ba bene ba ne? Ya ce, "MaHadebe, ki rage murya." Daga nan ya tambaye ni yara nawa suka shigo yau. Ya sani sarai, ƙofar ofishinsa tana kallon tawa. Uku.

Ba zan rubuta abin da ya sa suka koma uku ba.

Talata, 7 ga Oktoba, biyar na yamma

Biyu. Ɗayan ma ruwa ya shigo sha.

Alhamis, 9 ga Oktoba, biyu na rana

Matan zumunta sun wuce zuwa coci cikin jajayen riguna da fararen huluna. Da a nan suke zube mini yaran, in an tashi su shigo su zauna a tabarma suna fifita da takardun waƙa, yaran suna nuna musu hotuna. Ranar Alhamis sai in ƙirga kai sittin. Yau ta ɗaya gefen titi suka bi, cikin rana, alhali inuwa tana gefenmu. Mako biyar ke nan suna zaɓen rana, tun waccan Alhamis.

Shekara da shekaru abu ɗaya nake nanata wa iyayen garin nan: katin aro kyauta ne, ba sai kin iya karatu ba kafin ki zauna da yaro ku buɗe littafi, ki bar shi ya karanta miki kina tuƙa tuwo, in ya tambaye ki abin da ba ki sani ba ki turo mini shi. Na rubuta a allo, na faɗa a taron makaranta, har a gidan makoki na taɓa faɗa, Allah ya yafe mini. Kuma sun fara ji. Abin da ke cin raina ke nan, sun fara ji.

Juma'a, 10 ga Oktoba, shida na safe

Na nuna wa mijina, baban Thulani, takardar muna shan shayi. Ya karanta har sau biyu, ya ninke, ya ce shi shekara talatin yana cin barkonon bakina, harshensa ya saba, amma matan unguwa ba su saba ba. Na ce ban tambaye shi ba. Ya ce ai shi ya sa ya faɗa, in ya jira in tambaye shi sai an binne shi.

Asabar, 11 ga Oktoba, shida saura na yamma

Na bi gida-gida, gida goma sha ɗaya. Ko'ina an karɓe ni hannu biyu, an kawo shayi da burodi, an tambayi ɗana Thulani da aikinsa a Goli, can Afirka ta Kudu. Ko'ina an ce, "To, Anti, za mu turo su." Na san irin wannan "to" ɗin, ni ma ina yinta.

A gida na huɗu na hango littafinmu, mai hoton giwa a bango, cikin kabad mai gilashi, tsakanin farantan tangaran da ba a fito da su sai Kirsimeti. An naɗe shi da ledar burodi, an kulle. Na tambayi yaron gidan ko ya karanta. Ya kalli uwarsa. Ita kuwa cikin alfahari ta ce tun ranar da aka aro shi ba wanda ya taɓa, ko ƙura ba zan samu ba, don sun ji an ce ba na son datti. Na shanye shayina. A gida uku na tarar da haka.

Gidan NaSakhile, mai suyar fanke a tasha, yana ƙarshen layin. Na zagaya ta bayan makaranta. Hanyar ta fi tsawo amma tana da inuwa, saboda haka na bi ta.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan coci

Ba saboda inuwa ba ne.

Talata, 14 ga Oktoba, ɗaya na rana

Huɗu. Na karanta musu da ƙarfi kamar ina gaban mutum ɗari, har wata 'yar mitsitsiya ta toshe kunne. Zafi ya yi yawa, ruwa ya ƙi sauka, Baba Mlalazi kuma ya shigo da igiyar awo yana cewa wai taga yake dubawa. Na ce masa kujera ɗari biyu za su shiga in an ɗora su kan juna, na riga na auna masa, ya tafi ya huta.

Laraba, 15 ga Oktoba, shida da rabi na yamma

Na je wajen Gogo MaMpala, shugabar matan zumunta. In tsohuwar nan ta ce a zauna, ko akuya sai ta nemi wuri. Na same ta tana ɓare gyaɗa, ta turo mini ƙwarya, na zauna ina ɓarewa kamar wadda aka kama da laifi a aji.

Ba ni na ɗauko maganar ba. Ita ta tambaye ni ko na san yadda aka yi mai ya zuba a littafin nan na waccan Alhamis. Na ce ban sani ba. Ta ce kullum in Sakhile, 'yar NaSakhile, ta taso daga makaranta sai ta wuce tasha ta zauna gefen kaskon uwarta tana karanta mata da ƙarfi, uwar tana suya tana saurare. Har masu jiran mota sun saba, wani direba ma yakan ce a dakata masa kada a buɗe shafi sai ya dawo. Ran nan mai ya fantsamo. Shi ke nan labarin.

Na ci gaba da ɓare gyaɗa. 

Daga baya na gaya mata baƙo zai zo daga ofishin gari ranar Juma'ar sama, kuma ina so ya ga ɗakin yadda ya kamata. Ta tafa hannu ta ce, "Baƙo? To me ya hana ki faɗa tun farko, 'yar nan? Faɗanmu daban, baƙo daban. Ki bar mana. Ba za ki ji kunya ba."

Na dawo gida ina jin kamar an sauke mini buhu. Baban Thulani ya tambaye ni ko na ba da haƙuri. Na ce an riga an wuce wurin.

Litinin, 20 ga Oktoba, huɗu na yamma

Littattafai sun fara dawowa. Tun safe iyaye suke shigowa, kowa da nasa cikin leda. Mutum arba'in da wani abu, rabon da in ga haka har na manta. Na yi ta fara'a har kumatuna suka yi ciwo. Duk wadda na ce ta zaɓi wani ta tafi da shi sai ta ce, "Sai bayan baƙo, Anti."

Talata, 21 ga Oktoba, bakwai na safe

Sai bayan baƙo. Me ya sa sai bayan baƙo?

Alhamis, 23 ga Oktoba, biyar na yamma

Kantoci sun cika taf, har waɗanda na cire rai da su tun bara sun dawo. Gogo ta aiko a karɓi makulli wajen Baba Mlalazi, ya bayar yana murna. An ce an yanka kaji uku. Ya kamata in je in gaya mata dalla-dalla abin da nake buƙata, cewa yara nake so, yaransu, da hayaniyarsu da majinarsu. Na sa takalmi, na cire. Ai ta gane. Tsohuwa mai wayo irin Gogo ba sai an tauna mata ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba, biyar da rabi na yamma

Zan rubuta a jere, don in ban yi haka ba zan fasa wani abu.

Na isa ƙarfe tara. Tun daga ƙofa ƙamshin jan man goge daɓe ya tare ni. Tun asuba matan zumunta suka zo, su goma sha biyar. Daɓen yana ƙyalli har ina ganin fuskata a ciki. Sun wanke bango, sun goge duk zanen da yara suka yi da alli, sun naɗe tabarmi sun ɓoye. Littattafan kuwa sun jera su bisa tsayi, dogo kusa da dogo, gajere kusa da gajere, labarin zomo yana jingine da littafin cututtukan shanu. An shimfiɗa farin ƙyalle a teburina, an ɗora fure a kwalba. Matan suna tsaye a baranda cikin jajayen rigunansu suna jiran in yaba.

Na tambayi Gogo ina yaran, tunda yau babu makaranta. Ta matso ta raɗa mini cewa kada in damu, an tattara su kaf an kai su gidan NaSakhile, can ƙarshen layi, ko tarinsu baƙo ba zai ji ba. Haka muke yi, na sani. Ni ma haka aka yi mini ina ƙarama, ni ma haka na yi wa Thulani: in babban baƙo zai zo, a share gida, a yanka kaza, a kore yara bayan ɗaki. Sun yi mini abin da ake yi wa wanda ake so a rufa masa asiri.

Maganar ta taso mini har maƙogwaro, irin ta waccan Alhamis, da zafinta da komai. Kafin ta fito mota ta tsaya.

Tshabangu yaro ne mai ladabi, bai wuce sa'ar Thulani ba. Ya cire hula, ya gaida kowa da sunan danginsa. Ya tsaya bakin ƙofa yana jin nauyin taka daɓen. Ya zagaya, ya shafa kanta da yatsa, ya ce, "Gaskiya, Mama, ban taɓa ganin ɗakin yara mai tsabta haka ba. Ko shatin hannu ɗaya babu a bango." Matan suka yi guɗa. Shi kuwa ya rubuta wani abu a takardarsa. Ya tambaya littafi nawa ne a hannun masu aro a yau. Na ce babu. Ya nemi rajistar masu shigowa, ya buɗe makonnin baya, uku, biyu, huɗu. Na ce ya ƙara buɗawa baya. Ya ce wata ɗaya kawai aka ce ya duba.

Gogo ta ja shi zuwa tuwon masara da kaza, don baƙo ba ya tafiya da yunwa. Na lissafa, rabin awa in ya yi kunya ya ƙara. Na fita ta baya na kama gudu, ni da gwiwoyin nan, da takalmin coci.

NaSakhile tana zaune a kujera bakin ƙofarta, ta tare hanya. Bayanta, ƙarƙashin bishiyar gwaiba, yara sun fi sittin. Na ce mata ina son yaran yanzu-yanzu. Ta dube ni ta fara gaisuwa. Ta tambayi kwanana, ta tambayi baban Thulani da ciwon bayansa, ta tambayi Thulani, ta tambayi zafi. Na amsa duka ina haki, don ba yadda zan yi. Sannan ta ce, "Waɗanne yara kuma, Anti? Masu kawo dattin?"

Na ce don Allah.

Ta ce, "Mako bakwai kina zagaya ta bayan makaranta. Ina ganinki daga tasha. Yau da kike da buƙata kin gane hanya."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta janye kujerar. Muka kwaso a guje, ni a baya, yara a gaba suna ihu. Da muka karyo kwana motar ta riga ta hau babban titi. Bai ƙara tuwon ba.

Yaran suka shige ɗakin da ƙafafunsu, cikin minti biyu daɓen ya koma yadda na san shi. Gogo ta riƙe baki tana cewa gara da baƙo ya riga ya tafi.

Asabar, 25 ga Oktoba, tara na safe

Ban buɗe ba. Na ce wa baban Thulani kaina ke ciwo, ya kawo mini ruwa bai ce uffan ba. Da ya yi mini ba'a da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 27 ga Oktoba, sha biyu na rana

Takarda ta zo. Ranar Juma'a babbar mota za ta kawo kujeru ta kwashi duk littafin da ke kan kanta. Baba Mlalazi ko fankar bai kalla ba, ƙasa ya kalla.

To, bari in rubuta, tunda ba abin da ya rage. Waccan Alhamis Sakhile ta dawo da littafi da tabon mai a shafi shida, uwarta tana biye da ita za ta ba da haƙuri. A gaban matan zumunta, a gaban 'yarta, na ɗaga littafin sama na ce wanda bai iya rubuta sunansa ba ba zai san darajar takarda ba, kuma 'ya'yansu ba abin da suke shigo mini da shi sai datti. Ni na faɗa. Ba zafi ba ne, ba gajiya ba ce, na zaɓi kalmomin ɗaya bayan ɗaya don su yi ciwo, kuma na ji daɗin yadda suka fito.

Talata, 28 ga Oktoba, shida na yamma

Na je tasha. Na zauna a bokitin da Sakhile take zama, gaban masu jiran mota, na maimaita abin da na faɗa, na ce ƙarya ne, kuma ni ce ban san darajar takarda ba. NaSakhile ta ci gaba da juya fanke. Can ta ce ta ji. Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce in matsa kada mai ya ɓata mini riga, ta san ba na so. Wani direba ya yi dariya har ya ƙware. Na zauna na shanye.

Na kwashe mata labarin takardar. Ta tambaye ni me za su ɗauka. Na ce duk abin da ke kan kanta. Ta ce, to wanda ba ya kan kanta fa?

Na haddace littafin dokokin laburaren nan tun ina budurwa: babba yana da ikon aron huɗu, yaro biyu, na mako biyu, kuma ba mai ikon karɓewa kafin ranar da aka buga. Shekara goma sha tara ina karanta wa mutane dokar nan, sai mai fanke ce ta ga abin da ke cikinta.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bakwai saura na yamma

Na shiga taron zumunta ba riga ba hula. Na tsaya na faɗa musu a fili, da ƙananan kalmomi: baƙon ya ga ɗaki ba yara, ya rubuta cewa ba mai amfani da shi, kuma laifina ne da na kasa roƙonsu abin da nake so. Gogo ta ce, "Kaji uku." Ta miƙe ta ce kowa ta je ta ɗauko 'ya'yanta da mijinta in yana gida.

Layi ya kai har bakin titi. Littafi ɗari shida da talatin da takwas. Na buɗe sababbin kati saba'in, masu sa hannu suka sa, masu dangwala yatsa suka dangwala. Wani tsoho ya tafi da littafin haruffa guda huɗu, wai jikoki ne. Duk wanda na miƙa wa sai in ce kada a sa a kabad, kada a sa a leda, a bar yaro ya taɓa. Wata ta ce in ya yage fa? Na ce ta kawo, ina da gam. Baba Mlalazi ya fito ya tsaya yana kallo, ya ce anya wannan bai saɓa doka ba? Na miƙa masa littafin dokoki. Ya koma ciki, can sai ga shi da katinsa, ya ari huɗu.

Hannuna ya ƙi ɗaguwa saboda buga hatimi. 13 ga Nuwamba, sau ɗari shida da talatin da takwas.

Juma'a, 31 ga Oktoba, huɗu na yamma

Motar ta zo ƙarfe goma. Direban ya leƙa ya ga kantoci wayam, ya buga waya, aka buga masa, ya sake bugawa. Na ji ana ambaton sunana daga can, ba da daɗi ba. An ce in rubuta bayani kafin Litinin. Kujerun dai sun sauke su, sun jera har kusa da rufi, sun bar mini wata 'yar hanya daga ƙofa zuwa teburina, in na bi ta sai na karkace.

Ban san ko za su mayar da ɗakin ba. Ban san ko ina da aiki a wata mai zuwa ba. Littattafaina suna cikin gida ɗari da wani abu, kusa da murhu, kusa da jarirai da awaki, ga hadari ya fara haɗuwa, kuma rabin rufin unguwar nan yana yoyo.

Ina shirin kullewa NaSakhile ta leƙo, Sakhile na bayanta. Jiya uwar ba ta zo layi ba, tana tasha. Ta dubi kujerun daga ƙasa har sama, ta ce yarinyar ta kusa gama nata biyun, in sun gama ina za su kawo?

Na ce nan.

Ta ce, "Nan ina, Anti?"

Na ce ta dai zo ranar sha uku. Za ta same ni a bakin ƙofa.